Ranar Da Baƙo Ya Ɗauki Kambu: Tarihin Mulkin Koriya A Fagen Wasan Yaƙi Na Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiyar da dattawa ke buga dara ya san akwai gardamar da ba ta ƙarewa: wane gari ne ya fi iyawa? Haka masu son kokawa a Nijar suke yi duk shekara idan an zo neman takobi, kowa na cewa jiharsu ce mahaifar ƙarfi. Wannan gardama ta bi ɗan Adam har cikin kwamfuta, kuma babu inda ta yi zafi kamar a wasan da ake kira StarCraft, inda ƙasa guda ta riƙe kambun duniya kusan shekara ashirin, har wasu suka fara rantsuwa cewa abin a jini yake. Yau za mu bi tarihin yadda Koriya ta Kudu ta kai ga wannan matsayi, da yadda kambun ya suɓuce mata, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da ta shafe mu: gwaninta haihuwarta ake yi, ko gina ta ake yi?

Wane irin wasa ne?

Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fitar da StarCraft a ƙarshen watan Maris na 1998, ya kuma ƙara masa wani babi mai suna Brood War kafin shekarar ta ƙare. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da kwamfutarsa. Kowa zai zaɓi ɗaya daga cikin rundunoni uku: Terran, waɗanda mutane ne masu bindigogi da tankoki; Zerg, halittu masu kama da ƙwari da ke cin yaƙi da yawa da sauri; sai Protoss, 'yan kaɗan masu tsada amma masu ƙarfi. Za ka haƙo ma'adinai, ka gina sansani, ka tara mayaƙa, ka aika ɗan leƙen asiri ya gano shirin abokin gaba, sannan ka rushe masa gari kafin ya rushe naka.

Bambancinsa da dara shi ne babu jiran juna. Ba a cewa "ɗauki naka in ɗauki nawa". Kowa na motsi a lokaci guda, don haka tunani da saurin yatsa dole su tafi tare. Ƙwararren ɗan wasa yakan ba da umarni sama da 300 a minti ɗaya, hannun dama a kan linzami, na hagu a kan madannai. A Brood War ma ba ka iya zaɓar mayaƙa fiye da 12 a lokaci guda, saboda haka jan babbar runduna zuwa fagen fama aiki ne na mai haƙuri da horo.

Yadda wahala ta share fage

Abin mamaki, tsananin rayuwa ne ya buɗe wa Koriya wannan ƙofa. A ƙarshen 1997 tattalin arzikin ƙasashen gabashin Asiya ya durƙushe, har Koriya ta Kudu ta karɓi tallafin sama da dala biliyan 55 a ƙarƙashin jagorancin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya. Kamfanoni suka rufe, magidanta suka rasa aiki. Gwamnatin Kim Dae-jung, wadda ta hau mulki a Fabrairun 1998, ta ɗora fatanta a kan intanet mai sauri, aka riƙa jan waya zuwa dogayen benayen da mafi yawan mutanen birane ke zaune a ciki. Da yawa daga waɗanda aka sallama daga aiki suka ɗauki ɗan abin da ya rage musu suka buɗe shagunan kwamfuta da ake kira "PC bang", wato ɗakin kwamfuta. Daga 'yan ƙalilan a 1997, shagunan nan suka haura 20,000 kafin ƙarshen 2001. Da kuɗin da bai wuce kimanin dala ɗaya ba, saurayi zai zauna awa guda yana wasa da abokansa.

Akwai kuma wani dalili na tarihi. Saboda ɗacin mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945, an daɗe ana taƙaita shigo da kayan nishaɗin Japan, kuma sai daga 1998 aka fara sassauta dokar sannu a hankali. Yayin da yaran Amurka da Turai suka tashi da na'urorin wasa na Nintendo da Sony a ɗakunansu, yaran Koriya kwamfutar shago suka sani. StarCraft ya iso daidai lokacin da aka share masa wuri. Daga cikin kwafin wasan da aka sayar a duniya, sama da miliyan 4 a Koriya ta Kudu kaɗai aka saye su.

Mai karatu ya lura da wannan: a sauran ƙasashe yaro na wasa shi kaɗai a ɗaki, a Koriya kuwa yana wasa ne a bainar jama'a. Na bayansa na kallo, na gefensa na gyara masa, gwanin unguwa na neman gwanin wata unguwar. Shagon ya zama dandali.

Daga dandali zuwa sana'a

A shekarar 2000 aka kafa hukumar KeSPA da amincewar ma'aikatar al'adu ta ƙasar, ita ce ta riƙa ba ɗan wasa lasisin ƙwararre. A shekarar ce kuma tashar talabijin ta OnGameNet ta fara aiki, ba ta da abin nunawa sai wasannin kwamfuta, daga baya MBCGame ta biyo sahu. Manyan kamfanoni irin su SK Telecom da KT da Samsung da CJ suka kafa ƙungiyoyi, suna biyan albashi.

Tauraron farko shi ne Lim Yo-hwan, wanda aka fi sani da BoxeR. Ya zaɓi Terran a lokacin da ake ganin ita ce rundunar da ta fi rauni, ya riƙa sauke 'yan tsirarun sojoji ta jirgi a bayan sansanin abokin gaba yana yi masa ɓarna, har aka yi masa laƙabi da sarkin sarakunan Terran. Ya ci gasar duniya ta World Cyber Games a 2001 da 2002, kuma masoyansa da suka yi rajista a intanet sun haura rabin miliyan. Da lokacin aikin sojansa ya yi a 2006, rundunar sojan saman ƙasar ta kafa tata ƙungiyar wasan, ya ci gaba da bugawa sanye da kaki. A 2004, wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyi ta Proleague da aka yi a bakin tekun Gwangalli a birnin Busan ya tara jama'ar da jaridun ƙasar suka ƙiyasta da kusan 100,000.

Amma asirin ƙarfin ba a kan dandamali yake ba, yana cikin gidajen horo. A wancan zamanin kowace ƙungiya na da gida inda 'yan wasa ke kwana a gadaje masu hawa biyu, su tashi su yi atisaye na awa goma ko fiye a rana. Sabon yaro yakan fara ne kamar yaron maƙeri: shara, wanke-wanke, da zama abokin gwajin manya. Idan babban ɗan wasa zai kara da wani a mako mai zuwa, sai a sa yara su kwaikwayi salon wancan, a maimaita taswira guda sau ɗari har a gano inda ya ke da rauni. Duk dabarar da wani ya ƙirƙiro a daren Juma'a a talabijin, kafin Litinin gidaje goma sun warware ta sun nemo maganinta. Ƙarfe ne ke wasa ƙarfe.

Daga wannan maƙera aka fitar da Lee Jae-dong, wato Jaedong, da Lee Young-ho, wato Flash, wanda ya ci babbar gasar OnGameNet a 2008 yana ɗan shekara 15. Su biyun sun haɗu a wasan ƙarshe sau huɗu a 2010 kaɗai. A karon farko, cikin watan Janairu, ana tsakiyar wasa na uku wuta ta ɗauke a ɗakin tashar, alƙalai suka ba Jaedong nasarar wannan zagaye bisa cewa shi ke kan gaba, masoyan Flash kuwa har yau ba su huce ba. Ashe ɗauke wuta ba a ƙasashenmu kaɗai take raba gardama ba.

Sunan da aka raɗa wa sauran duniya

Ga awon tazarar: daga 2000 zuwa 2010, duk shekarar da aka yi gasar Brood War a World Cyber Games, ɗan Koriya ne ya ɗauki zinare. Sau goma sha ɗaya a jere. Har ta kai zaɓen wakilan Koriya a cikin gida ya fi gasar duniyar kanta wuya.

Daga nan wata kalma ta samu gindin zama a bakin masu wasan. Duk wanda ba ɗan Koriya ba, sunansa "baƙo". Bafaranshe na wasa a Paris a gaban iyayensa, amma baƙo ake ce masa. Ba'amurke na buga wasan da kamfanin ƙasarsa ya ƙera, a cikin ƙasarsa, shi ma baƙo ne. Mu da aka haifa a zango, aka haifi iyayenmu a zango, amma har gobe wani ya tambaye mu yaushe za mu koma gida, mun san nauyin wannan kalma fiye da kowa.

Baƙo ɗaya tak ya taɓa cin babbar gasar OnGameNet: Guillaume Patry, ɗan Kanada mai laƙabin Grrrr, a shekarar 2000, kafin gidajen horo su kankama. Bayansa ƙofa ta rufe.

Sabon wasa, tsohon sarki

Da aka fitar da StarCraft II a watan Yulin 2010, baƙi suka ɗauka dama ta samu, tunda kowa zai fara daga tushe, ga kuma rikicin haƙƙin watsa wasa tsakanin Blizzard da KeSPA ya tsare manyan ƙungiyoyin Koriya a tsohon wasan. An ɗan ga alamu. Jinro ɗan Suwidin, wanda ya tare a wani gidan horo a Koriya, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar GSL ta Seoul sau biyu a jere. Stephano ɗan Faransa ya ci gasar IPL a Amurka a 2011 bayan ya kayar da Koriyawa.

Murna ta koma ciki a 2012, lokacin da ƙungiyoyin KeSPA suka shigo sabon wasan da dukkan tsarinsu. Blizzard ta raba duniya yanki uku, Koriya da Turai da Amurka, amma ba ta hana ɗan wani yanki shiga gasar wani ba. Sai Koriyawan da gasar gida ta yi musu tsauri suka bazu, suna kwashe kofunan Turai da Amurka. A gasar ƙarshe ta duniya ta 2013, cikin mutum 16 baƙo ɗaya ne, Naniwa ɗan Suwidin. A 2014 babu ko ɗaya. A 2015 ɗaya ne, Lilbow ɗan Faransa, kuma a zagayen farko aka sallame shi da ci 3 da nema.

A nan aka yi muhawarar da ta raba masoya wasan biyu. Wasu suka ce a rufe iyaka, kowane yanki ya yi gasarsa, domin yaron da ya san ba zai taɓa cin ko sisi ba ba zai sadaukar da ƙuruciyarsa ga wasan ba. Wasu suka ce wannan lalaci ne, ana so a ba rago kujerar gwani. A 2016 Blizzard ta bi ra'ayin farko: kujeru 8 na Koriya, 8 na sauran duniya.

Tsatsar da ta ci takobi daga ciki

Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin da ake gina wa baƙi katanga, gidan Koriya ya fara tsagewa. Tun a 2010 aka bankaɗo cewa wasu 'yan wasa na karɓar kuɗi daga 'yan caca suna faɗuwa da gangan, aka kori mutum 11 har abada, ciki har da Ma Jae-yoon, wato sAviOr, wanda a zamaninsa babu kamarsa. A farkon 2016 abin ya sake dawowa, wannan karon aka kama Lee Seung-hyun, wato Life, zakaran duniya na 2014, aka kuma ƙwace kambunsa. Kamfanoni ba sa son sunansu kusa da abin kunya. Ga shi kuma yaran shagunan kwamfuta sun koma wani sabon wasa, League of Legends, babu sabon jini da ke shigowa. A watan Oktoban 2016 aka rufe Proleague, ƙungiyoyi biyar suka watse a rana guda, Jin Air kaɗai ta rage a cikin manyan. Sauran gwanayen kuwa aikin soja na dole na jiran kowannensu kafin ya kai shekara 30.

A watan ne kuma Neeb ɗan Amurka ya ci kofin KeSPA a Seoul, baƙo na farko da ya ci babbar gasa a ƙasar Koriya cikin shekara 16. A Fabrairun 2018 Scarlett 'yar Kanada ta doke sOs, zakaran duniya sau biyu, a gasar da aka shirya a gefen wasannin Olamfik na PyeongChang.

Asabar, 3 ga Nuwamba 2018

Joona Sotala, wanda duniya ta sani da Serral, ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Pornainen a ƙasar Finland. An haife shi a Maris 1998, watan da aka fitar da StarCraft na farko. Bai taɓa zama a gidan horo na Koriya ba. A ɗakinsa ya koyi wasan, yana bin sawun yayansa, yana nazarin faifan wasannin manya. A 2018 ya cinye dukkan manyan gasa huɗu na yankin baƙi, a Leipzig da Austin da Valencia da Montreal. Masu shakka suka ce ai a cikin makafi ne mai ido ɗaya ke sarauta. Sai ya je Seoul a watan Agusta ya ci gasar da aka haɗa Koriya da sauran duniya. Ranar 3 ga Nuwamba, a birnin Anaheim na Amurka, ya kayar da Kim Dae-yeob, wato Stats, da ci 4 da 2, ya zama baƙo na farko da ya ɗauki kambun duniya na StarCraft II.

A wannan ranar dai, a birnin Incheon na Koriya, ƙungiyar Invictus Gaming ta ƙasar Sin ta doke Fnatic ta Turai da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na League of Legends, kambun da ƙungiyoyin Koriya suka riƙe shekara biyar a jere tun 2013. A gidansu aka yi bikin, ba su ko kai wasan kusa da na ƙarshe ba. Kambu biyu a rana ɗaya.

Bayan Serral, hanya ta buɗe. Reynor ɗan Italiya ya ci gasar Katowice ta ƙasar Poland a 2021, Serral ya ci a 2022 da 2024, Oliveira ɗan Sin ya ba kowa mamaki a 2023, Clem ɗan Faransa kuma ya ci gasar Riyadh a 2024.

To, wa ya fi wa?

Har yau ana jayayya: baƙi ne suka hau, ko Koriya ce ta sauko? Gaskiya tana da kaso a kowane ɓangare. Serral ya kara da gwanaye na gaske irin su Stats da Dark da Rogue da Maru, ba 'yan koyo ba. Amma ya same su ne bayan an rushe gidajen da suka ƙera su, ba su da yara goma da za su yi musu atisaye, ba su da ƙannen da ke hura musu wuta a baya. A ɗaya gefen, rufe iyakar da aka yi a 2016 ya ba matasan Turai abin da za su ci su rayu a kan wasan har su nuna. Katangar da aka kira ta ragwaye ita ce ta reni zakara.

Sauran wasanni sun ƙara fito da maganar fili. A Dota 2, wasan dabara da ba shi da kasuwa a shagunan Koriya, babu ƙungiyar Koriya da ta taɓa cin babbar gasar The International. Yukren ta ci a 2011, Sin a 2012 da 2014 da 2016, Suwidin a 2013, a 2015 kuma ƙungiyar Amurka ce ta ci, tauraronta Sumail Hassan, yaro ɗan shekara 16 haifaffen Karachi ta Pakistan. A Warcraft III, wanda shi ma Blizzard ce ta ƙera, Grubby ɗan Holan da Sky ɗan Sin da Moon ɗan Koriya sun yi shekaru suna karɓe-karɓen kofi, babu yankin da ya mallake fagen. Da a jini abin yake, da Koriyawa sun mamaye duka. A League of Legends kuwa, inda gidajen horo da kuɗin kamfanoni suka koma, Koriya ta farfaɗo: ta ci a 2020 da 2022, sannan T1 ta Faker ta ci a 2023 da 2024. Hatta Invictus da ta karya su a 2018, biyu daga cikin manyan 'yan wasanta, Rookie da TheShy, Koriyawa ne da kuɗin Sin ya ɗauko. Inda aka zuba taki, nan shuka ke yi.

Saboda haka idan aka ce wani yanki ya fi wani ƙarfi, abin da ake aunawa a zahiri abu huɗu ne: yawan yaran da ke wasan, kusancinsu da juna, wanda zai ciyar da su yayin da suke koyo, da kuma amanar da ke sa mai kuɗi ya ci gaba da zuba kuɗinsa. Koriya ta haɗa huɗun a 2000, ta rasa biyu a 2016, kambu ya tashi.

Mu fa?

Babu sunan ɗan Afirka ta Yamma a wannan tarihi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa suna Turai da Amurka da Asiya. Yaron da ke Kumasi ko Garwa ko Njamena idan ya danna, sai umarninsa ya ƙetare teku ya dawo, a wasan da ƙiftawar ido ke raba nasara da faɗuwa. Ga tsadar data, ga wuta, ga bizar da ba a samu. Wanda ya ce yaranmu ba su da kai, bai taɓa ganin yadda suke lissafin dara ko cinikin kasuwa ba.

Ba kira nake yi a saki karatu a rungumi wasa ba. Koriyar ma ta ga illar abin: yara da yawa sun bar makaranta, ƙalilan ne suka yi suna, saura suka fita da ciwon hannu ba sana'a. Abin ɗauka shi ne yadda aka gina gwanintar. Kakanninmu da suka kafa zango sun san wannan sirri tun kafin a ƙera kwamfuta: mai gida ya saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da wanda ya fi shi sanin hanya, har ya tsaya da ƙafarsa. Haka aka yi fataucin goro, haka aka yi karatun allo. Duk fagen da muke so 'ya'yanmu su yi fice a cikinsa, ko lissafi ne, ko ɗinki, ko rubuta manhajar kwamfuta, tambayar ita ce: ina dandalinsu, wa ke ciyar da mai koyo, kuma wa ke tsare amana?

Shekara 18 aka yi tsakanin nasarar Patry da ta Serral ana kiran sauran duniya baƙi, kuma har yau ba a daina ba. Sai dai yanzu idan an faɗi kalmar, ba a faɗinta da raini.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya ba mu ikon share musu fage. A wane fanni kuke ganin yaran unguwarku suka fi hazaƙa, kuma me ya rage musu? Muna sauraron ra'ayoyinku.